Fada Faransisko Suwarez, Malamin Da Aka Ƙona Littafinsa A Landan

Mutumin da za mu ba da tarihinsa a wannan fitowa ba ya cikin jerin waliyyai, ba shi kuma da ranar idi a kalandar Ekklisiya. Firist ne na Ƙungiyar Yesu, wato Fadan Jesuwit, wanda ya shafe fiye da shekara arba'in yana koyarwa a aji. Bai taɓa riƙe sarauta ba, bai taɓa jan runduna ba. Duk da haka, a ƙarshen shekarar 1613 aka hura wuta a harabar majami'ar Waliyi Bulus da ke Landan, aka jefa littafinsa ciki bisa umurnin Sarkin Ingila. Babban laifin littafin shi ne ya ce babu sarkin da ya karɓi sarautarsa kai tsaye daga hannun Allah, sai dai ta hannun jama'a da yardarsu.

An haifi Faransisko Suwarez ranar 5 ga Janairu, 1548, a birnin Giranada, kudancin ƙasar Sifen. Mahaifinsa lauya ne mai rufin asiri. Yana da shekara goma sha uku aka tura shi jami'ar Salamanka domin ya karanta dokokin Ekklisiya. A can ne ya ji kiran Ubangiji, ya nemi shiga Ƙungiyar Yesu, wadda Waliyi Ignatiyus na Loyola ya kafa, Paparoma kuma ya amince da ita a 1540. Aka ƙi shi. Masu tantancewa suka ga yaro ne rarrauna, ba ƙoshin lafiya, ba kuma alamar kaifin basira. Ana ba da labari cewa a cikin samari hamsin da suka nema a wannan shekara, shi kaɗai aka mayar gida. Yaron bai haƙura ba. Ya tashi takanas ya je wurin shugaban lardi a birnin Bayadolid ya kai kukansa, aka karɓe shi a 1564, amma da sharaɗi: in karatu ya gagare shi, zai zauna a matsayin Burada mai hidimar gida, ba zai zama firist ba.

Da farko kuwa karatun ya gagare shi. Falsafa ta ƙi shiga kansa, har shi da kansa ya roƙi shugabanninsa su sallame shi daga aji ya koma aikin hannu. Suka ce ya ƙara haƙuri. Ba a daɗe ba kansa ya buɗe, wanda yake na baya ya zama na gaba, har ya riƙa bita wa 'yan ajinsa. Shi dai bai taɓa ɗaukar wannan a kan ƙoƙarin kansa ba, alherin Allah ya ɗauke shi. Iyaye da malaman katekisim da suke saurin yanke wa yaro hukunci cewa daƙiƙi ne, ya kamata su riƙe wannan labari.

An naɗa shi firist a 1572. Daga nan rayuwarsa ta zama ta malami mai ƙaura daga makaranta zuwa makaranta: Segobiya, Abila, Bayadolid, sa'an nan Roma daga 1580 zuwa 1585, inda Paparoma Girigori na Goma Sha Uku ya zo da kansa ya saurari darasinsa. Rashin lafiya ya komo da shi Sifen, ya koyar a Alkala da Salamanka. A 1597 ya fitar da wani ƙaton littafin falsafa mai muhawara hamsin da huɗu, wanda har jami'o'in Furotesta na Jamus da Holan suka riƙa koyarwa da shi. A wannan shekarar ce Sarki Filibus na Biyu, wanda yake mulkin Sifen da Fotugal tare, ya nace sai Suwarez ya karɓi babbar kujerar ilimin tauhidi a jami'ar Koyimbira ta Fotugal. Ya so ya ƙi, bai sami hanya ba. A Koyimbira ya zauna kusan shekara ashirin, a can kuma ya rubuta abin da ya sa muke tunawa da shi a yau.

Tambayar da ta dame shi tsohuwa ce, kuma kowane mai hankali ya taɓa yi wa kansa ita: me ya sa mutum zai yi biyayya ga mutum ɗan'uwansa? Wa ya ba wani iko ya sa wa wani doka, ya karɓi haraji a hannunsa, ya ɗaure shi? Waliyi Bulus ya koya wa Romawa cewa dukan iko daga Allah yake, Suwarez kuwa bai taɓa jayayya da wannan ba. Abin da ya bincika shi ne hanyar da ikon yake bi kafin ya iso hannun mai mulki. Amsarsa tana cikin littafinsa a kan dokoki da Allah Mai Ba Da Doka, wanda aka buga a Koyimbira a 1612, mai kashi goma.

Ya fara da cewa dukan 'yan Adam an haife su 'yantattu, babu wanda halitta ta ɗora a kan wani a matsayin sarki. Akwai masu cewa sarauta gadon Adamu ce, tun da shi ne uban kowa. Suwarez ya amsa cewa ikon Adamu na maigida ne a kan iyalinsa, ikon maigida kuwa daban, ikon mai mulkin ƙasa daban. Gida ɗaya ba ya isar wa kansa da dukan abin da rayuwa take bukata, ba ya kuma iya tsare zaman lafiya tsakaninsa da sauran gidaje. Saboda haka gidaje suke haɗuwa. Amma a nan ya rarrabe abu biyu. Akwai taro, akwai al'umma. Mutane dubu za su iya cika fili ɗaya, kamar ranar kasuwa, kowa da abin da ya kawo shi, da yamma kowa ya kama gabansa. Wannan taro ne kawai, ba shi da kai, ba ya bukatar sarki. Sai lokacin da mutane suka yarda, da nufinsu, su zama jiki ɗaya, su taimaki juna domin amfanin kowa, sa'an nan suka zama al'umma. Da zarar wannan jiki ya samu, ikon mulkin kansa yana tare da shi, kamar yadda mutum yake samun ikon sarrafa gaɓoɓinsa da zarar ya zama mutum mai hankali. Ikon daga Allah yake, domin shi ya halicci mutum da bukatar zama da 'yan'uwansa, amma a hannun al'umma duka ya sauka, ba a hannun mutum ɗaya ko gida ɗaya ba.

Ya kawo misalin aure, wanda mu Katolika muka fi kowa ganewa. Babu aure sai da yardar ango da amarya. In babu yarda, ko an yi biki na kwana bakwai, babu aure. Amma bayan sun yarda, ba su ne suke ƙirƙiro abin da aure yake nufi ba, sun shiga wani tsari ne da Mahalicci ya riga ya shirya. Haka zaman ƙasa yake a wurin Suwarez: yardar mutane ce ƙofa, amma ɗakin da suka shiga ba su ne suka gina shi daga tushe ba.

Daga nan al'umma takan zaɓi yadda za a mulke ta, ko ta sarki ɗaya, ko ta majalisar dattawa, ko ta jama'a gaba ɗaya. Allah bai wajabta ko ɗaya daga cikin ukun ba. Shi Suwarez ya fi son sarauta, kamar yawancin mutanen zamaninsa, amma ya ce sarauta tsarin mutane ce, iyakarta kuma tana bin alkawarin da aka ƙulla tsakanin sarki da ƙasa tun farko. Kada mai karatu ya ɗauka yana koyar da cewa jama'a za su tuɓe sarki duk ranar da suka ga dama. A ganinsa, in al'umma ta miƙa iko ta miƙa ke nan, ta ɗaure kanta, dole ta yi biyayya. Abu ɗaya ne ba ta taɓa miƙawa ba, wato haƙƙin kare kanta daga hallaka. In sarki ya juya ya zama azzalumi mai cinye ƙasar da aka ba shi amana, al'umma, ta bakin majalisunta da manyanta, tana da ikon sauke shi.

Akwai wani reshe na wannan koyarwa da ya shafe mu kai tsaye, mu da muke zaune da maƙwabta masu addini dabam, sau da yawa kuma a ƙarƙashin sarakuna da masu mulki waɗanda ba Kirista ba. Tun da ikon mulki daga halittar ɗan Adam ya fito, ba daga baftisma ba, sarkin da ba Kirista ba sarki ne na gaskiya, dokarsa ta adalci tana ɗaure lamirin Kirista. Suwarez ya gaji wannan daga Waliyi Toma Akwinas da kuma Fada Faransisko na Bitoriya, malamin Salamanka wanda a 1539 ya koyar cewa mutanen asali na nahiyar Amurka su ne masu ƙasarsu na halal, ko da ba su san Bishara ba. Ya ƙara gaba ya ce ko ƙasashe ma babu wadda ta isar wa kanta, dukan 'yan Adam kamar al'umma ɗaya ce mai bukatar dokokin hulɗa, waɗanda al'ada ta kafa a hankali. Masana dokar ƙasa da ƙasa suna lissafta shi cikin magabatansu saboda wannan.

To, ina aka sami wuta? A Ingila, Sarki Jemis na Ɗaya, wanda aka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Turanci da sunansa a 1611, mutum ne mai karatu, yana kuma rubuta littattafai. Tun 1598 ya rubuta cewa sarki wakilin Allah ne kai tsaye, ba ya ba da lissafi ga kowa sai Allah, talakawa kuwa ko ya zalunce su ba su da abin yi sai addu'a da haƙuri. A watan Nuwamba 1605 aka bankaɗo makircin waɗansu 'yan Katolika da suka tara albarushi a ƙarƙashin majalisar dokoki domin su hallaka sarki da manyan ƙasa. Mugun nufi ne, babu mai kare shi, kuma ya jawo wa dubban Katolika marasa laifi wahala. A 1606 aka kafa wata rantsuwar biyayya. Mai rantsuwa zai shaida Jemis ne sarkinsa na halal, wanda yawancin Katolika a shirye suke su yi, amma kuma zai rantse cewa Paparoma ba shi da ikon sauke sarki, ya kuma la'anci koyarwar a matsayin bidi'a. Paparoma Bulus na Biyar ya hana yin rantsuwar. Katolikan Ingila suka shiga tsaka mai wuya, kansu ya rabu, har shugaban firistocinsu ya yi rantsuwar aka sauke shi. Waɗansu suka ƙi suka rasa dukiya, waɗansu suka rasa rai. Waliyi Toma Ganet, shi ma Jesuwit, an rataye shi a Landan a 1608 bayan ya ƙi sayen ransa da wannan rantsuwa.

Roma ta nemi Suwarez ya ba sarki amsa. Ya ɗauki lokaci, kamar yadda ya saba, a 1613 ya fitar da littafin kare bangaskiyar Katolika mai kashi shida. A kashi na uku ya maimaita abin da ya koyar a kan asalin mulki, ya nuna wa Jemis cewa rawaninsa ta hannun mutane ya zo. A kashi na shida ya taɓa abin da ya fi zafi, wato abin da ya halatta a yi da azzalumin sarki. Ya yi taka-tsantsan ƙwarai. Ya tsaya a kan hukuncin Babban Taron Konstans na 1415, cewa mutum ɗaya ba shi da izinin ɗaukar wuƙa ya kashe sarkin halal don kawai ya ga azzalumi ne. Amma ya ce al'umma na iya yanke wa sarki hukunci, Paparoma kuma na iya sauke sarkin da yake kai rayukan talakawansa ga hallaka, wanda aka sauke kuwa ba sarki ba ne kuma. Jemis ya karanta wannan a matsayin izinin kisansa. Ya sa aka ƙona littafin, ya hana karanta shi, ya kuma kai ƙara wurin Sarkin Sifen, wanda bai biye masa ba. A Faransa ma, ƙasar Katolika, inda aka kashe Sarki Hanri na Huɗu da wuƙa a titi a 1610, babbar kotun Faris ta sa aka ƙona littafin a watan Yuni 1614. In aka duba jinin da aka riga aka zubar, tsoron nasu ba na banza ba ne.

Abin mamaki shi ne yadda zamani ya juya. A Ingila an ɗauki zancen yardar jama'a a matsayin dasisar Roma. Wani bafaden sarauta, Robat Filma, ya rubuta littafi yana kiran sunan Suwarez da na Kadinal Belarmin, yana cewa su ne tushen wannan fitina, ya kuma koma ga hujjar gadon Adamu. Aka buga littafin a 1680, Jon Lok, wanda Furotesta ne, ya mayar masa da martani a 1689, ya kafa mulki a kan yardar waɗanda ake mulka. Kafin nan Ingilishi da kansu sun fille kan ɗan Jemis a 1649, sun kori jikansa daga gadon sarauta a 1688. Abin da aka ƙona a Landan ya dawo ya zauna a Landan da wata riga.

Sai dai a nan ne ya kamata mu lura da inda Suwarez ya rabu da waɗansu da suka zo bayansa. Toma Hobs, wanda ya rayu a zamanin yaƙin basasar Ingila, ya rubuta a 1651 cewa mutane in babu mai iko a kansu kowa abokin gaban kowa ne, tsoron mutuwa ne yake sa su ƙulla alkawari su miƙa wuya ga mai mulki ɗaya, kuma kafin wannan alkawari babu abin da za a kira adalci ko zalunci. Daga irin wannan tunani ne waɗansu masana har yau suke cewa kyakkyawan hali ba kome ba ne illa ƙa'idodin da masu hankali suka yarda da su domin kowa ya ci riba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, gama haɗin kai yana da riba, kowa ya ga gayya a gona ya san haka. Amma mu ɗauki adashi. Mata goma sun yarda kowace za ta zuba kuɗi duk mako. Wadda ta fara kwasa, me zai sa ta ci gaba da zubi har mako na goma? Ribarta ta riga ta shiga hannu. In an ce ai ta yi alkawari, sai a tambaya me ya sa alkawari yake ɗaure mutum. Ba za a ce wani alkawarin ne ya ɗaure shi ba, domin shi ma wancan za a tambayi abin da ya ɗaure shi. Misalin namu ne, amma amsar ta Suwarez ce: wajibcin cika alkawari yana cikin dokar halitta, wadda ta riga kowace yarjejeniya. Cin amana mugun abu ne a kan kansa, hankali yana gane haka, Allah kuma ya hana shi. Saboda haka yardar jama'a tana iya kafa gwamnati, tana iya zaɓen sarki, tana iya sa haraji, amma ko ƙasa duka ta ɗaga hannu ba za ta mai da kisan marar laifi ya zama daidai ba. Dokar da ba ta adalci ba, a wurinsa, ba ta cika doka ba. Wannan ne kuma yake kare wanda ba shi da abin da zai kawo teburin ciniki, kamar jariri, da tsoho, da baƙo, waɗanda yarjejeniyar riba zalla za ta iya mantawa da su.

Gaskiya ta wajabta mu faɗi inda ya gaza. Suwarez ɗan zamaninsa ne. Mutumin da ya ce an haifi kowa 'yantacce bai la'anci bauta ba, ya ɗauke ta abin da dokar al'ummai ta halatta, har ya yi misali da mai sayar da kansa bawa domin ya bayyana yadda al'umma take miƙa ikonta. Ya rubuta haka a Fotugal, a lokacin da jiragen ƙasar suke kwasar 'yan Afirka zuwa Burazil. Ya kuma yarda hukuma ta hukunta 'yan bidi'a. Ekklisiya ta wuce waɗannan. Babban Taron Batikan na Biyu a 1965 ya lissafta bauta cikin abubuwan ƙyama, ya kuma shaida 'yancin addini ga kowane mutum, babu kuma Paparoman da yake da'awar sauke sarakuna a yau. Amma wannan taron ya riƙe jigon koyarwarsa, inda ya ce hukuma tana da tushe a halittar ɗan Adam bisa tsarin Allah, zaɓen irin mulki da na masu mulki kuwa an bar shi ga 'yancin 'yan ƙasa.

Shi kansa ya san ɗacin biyayya. A 1603 Roma ta ƙi wani bayani da ya yi a kan furta zunubi ta hanyar saƙo ga firist da ba ya nan. Ya yi doguwar tafiya zuwa Roma a 1604 domin ya kare kansa, bai yi nasara ba, ya sunkuyar da kai ya koma ajinsa a Koyimbira. Paparoma Bulus na Biyar daga baya ya yaba masa da laƙabin fitaccen malami mai ibada, laƙabin da ya bi shi har yau.

Ya ajiye koyarwa a 1615, jiki ya yi rauni, yana so ya ƙarasa gyaran littattafansa. A 1617 ya tafi Lisbon, ya tarar da rikici ya ɓarke tsakanin wakilin Paparoma da hukumomin birnin a kan iyakar ikon kowannensu, har an hana hidimomin ibada a majami'u. Tsohon da ya ƙare rayuwarsa yana rubutu a kan wannan iyaka sai ga shi yana kai da kawowa tsakanin ɓangarorin biyu domin a sasanta. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da shi. Ya karɓi sakramenti na ƙarshe, ya rasu ranar 25 ga Satumba, 1617, yana da shekara sittin da tara. Da aka tattara rubuce-rubucensa a Faris a ƙarni na goma sha tara, sun cika manyan kundaye ashirin da takwas. An binne shi a majami'ar Waliyi Rok ta Fadannin Jesuwit a Lisbon, ɗaya daga cikin majami'un da suka tsira daga girgizar ƙasar da ta rushe birnin a 1755, kabarinsa yana nan a ciki.